Shafi na Biyu

A kamfanin babu mai kiransa da sunansa na yanka. Mai Sharaɗi suke ce masa, daga manaja har mai gadi, kuma bai taɓa nuna ya ji haushi ba. Shekara ashirin da uku yana zaune a hawa na uku, a wani ofis mai taga ɗaya, yana rubuta takardun kwangila. Kamfanin na jigilar kaya ne, yana da manyan motoci da rumbuna da wannan gini mai hawa huɗu, kuma duk wanda zai taɓa wani abu nasa, ko da mai gyaran famfo ne, sai ya fara hawowa wurin Mai Sharaɗi ya sa hannu.

Aikin nasa, in an cire masa kwalliya, guda ɗaya ne: ya tabbatar duk masifar da za ta faɗo, kan wani ta faɗa. Shi ya rubuta sharaɗi na goma sha bakwai, wanda ya ce duk rauni ko asara ko rasa rai da ya auku a wurin aiki alhakin ɗan kwangila ne shi kaɗai, kuma shi zai tsaya tsakanin kamfani da duk mai neman diyya. Da yake ya san alkawarin talaka na biyan diyya iska ce kawai, sai ya bi shi da na goma sha takwas, wanda ya ce ba a fara aiki sai ɗan kwangila ya kawo takardar inshorar da ta rufe irin aikin da zai yi. A ƙarshen wannan ya maƙala wata 'yar jela, saboda alƙalai ba sa son takardar da ta kwanta ɓangare ɗaya. Jelar ta ce in jami'in kamfani ya ga inshorar ba ta rufe aikin ba, ya kuma buga hatimi duk da haka, to na goma sha bakwai ya faɗi, alhaki ya dawo gida. Jelar ba ta taɓa hana shi barci ba. Shi ne jami'in, kuma shi babu abin da ba ya karantawa.

Da rula yake karatu. Ya ɗora ta ƙarƙashin layi, ya karanta, ya ja ta ƙasa, gaba da baya, har lambar wayar da ke gindin shafi. Ma'aikata sukan ce ko katin gayyata aka ba shi sai ya juya ya ga ko an ɓoye wani abu a bayansa.

Sai aikin fentin ginin ya faɗa hannun Auta.

Auta ƙanin matarsa ne, na ƙarshe a ɗakinsu, kuma a gidan Mai Sharaɗi ya yi shekara huɗu lokacin yana makaranta. Yanzu ya zama magidanci mai ɗan tumbi, yana da tsani biyu, da tsohuwar motar ɗaukar kaya, da ma'aikata biyar. Ba Mai Sharaɗi ya nema masa aikin ba, ko labari bai ji ba sai ranar da ya gan shi a bakin ƙofa yana washe baki, da ambulan a hammata.

"Yaya, ga ni na kawo kaina a yanka."

"Zauna. Ina takardar inshora?"

"Ga ta nan da zafinta, jiya na karɓo."

Shafi biyu ce, an maƙale su da fil a kusurwa. Mai Sharaɗi ya ɗauki rula. Suna daidai, kwanan wata daidai, hatimin kamfanin inshora daidai. Ya ɗaga shafin farko.

"Haba Yaya! Har ni?" Auta ya dafe ƙirji, ya juya wurin wasu 'yan kwangila biyu da ke jiran layi a kan benci. "Ku gane mini. Shekara huɗu ina wanke wa mutumin nan mota, ko sannu ban taɓa samu ba, yau kuma ya sa mini rula kamar ya kama ɓarawo. Wallahi in na gaya wa matarka, Yaya Babba, yau da yunwa za ka kwana."

Mutanen suka fashe da dariya. Mutum ba ya binciken ƙanin matarsa layi-layi a gaban baƙi, kamar wanda ke lalube aljihun suruki. Mai Sharaɗi ya ajiye rular. Amma idon da ya yi shekara ashirin da uku yana wannan aiki ba ya jiran izini, ya riga ya ɗauki layin, na huɗu daga ƙasa, da ƙananan haruffa: wannan inshora ba ta shafi aikin da ya wuce tsayin hawa biyu ba.

Ya ce a ransa zai ja shi gefe daga baya. Ya saki shafin, ya buga hatimi, ya sa hannu.

"Yauwa, ko kai fa," in ji Auta. "Ashe ana samun imani a hawa na uku."

Sau biyu ya yi niyyar maganar. Na farko waya ta katse shi. Na biyu a gida ne, Auta ya zo cin abinci yana ba yayarsa labarin yadda wannan aikin zai sa ya rufa wa gidansa kwano kafin damina, ita kuma tana ƙara masa a faranti, fuskarta kamar ita aka ba kwangilar. Mai Sharaɗi ya buɗe baki, ya ga ba wurin da maganar za ta zauna, ya sa loma a ciki. Fenti ne fa kawai, na mako biyu.

Ranar Litinin ta mako na biyu, wani katako ya sauko daga rufi a kan igiya biyu ya tsaya daidai tagarsa. A kansa akwai wani dattijo siriri, furfura ta fara cin gemunsa, da bokiti a gefe. Dogo suke ce masa. Ya ƙwanƙwasa gilashi da bayan burushi.

"Ranka ya daɗe, a taimaka wa tsuntsu da ruwa."

Mai Sharaɗi ya buɗe taga ya miƙa masa kofi. Dogo ya shanye, ya leƙa teburin da ke cike da takardu.

"Tun safe nake kallonka kana karatu. Yaushe ne jarrabawar?"

"Kullum."

"To Allah ya ba da sa'a. Ni dai tawa na faɗi tun da daɗewa, shi ya sa aka rataye ni."

Kwana uku suna haka. Ƙarfe goma da rabi ya ƙwanƙwasa, a ba shi ruwa, ya faɗi wata magana, ya koma bakin aikinsa. Mai Sharaɗi bai taɓa duban igiyar ba. Ya lura da cewa yana kauce wa dubanta, kamar yadda mutum ke kauce wa duban ciwon da ke fuskar abokin hirarsa.

Ranar Alhamis katakon ya koma sama, hawa na huɗu. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Mai Sharaɗi yana karanta wata takardar hayar rumbu, sai inuwa ta gilma a kan shafin, daga sama zuwa ƙasa, da sauri kamar ta tsuntsu. Babu ihu. Ƙarar bokitin ce ta fara isowa, sannan ɗayar, wadda ba ta da amo.

Mai Sharaɗi bai sauka ba. Ya zauna da rula a hannu har aka zo aka gaya masa abin da ya riga ya sani.

Tun daga ranar, in ƙarfe goma sha ɗaya ta kusa, sai inuwar ta gilma a kan duk takardar da ke gabansa. Ya ja labule, ta gilma. Ya sa aka juya masa tebur ya ba taga baya, ta gilma. Ya ce wa kansa fanka ce, ya kashe fanka ya zauna cikin zufa, ta zo a kan lokacinta. Ba ta tsayawa, ba ta da siffar da za a ce ga kai ga ƙafa. Layin da yake karantawa ne kawai zai yi duhu na ƙiftawar ido, sai ya samu kansa yana jiran ƙarar bokiti. Ya je wurin likitan ido, aka ce idonsa ya fi na likitan kyau.

Kamfanin inshorar Auta bai ɓata lokaci ba. Wasiƙarsu layi uku ce, ta yi ta'aziyya, ta nuna layi na huɗu daga ƙasa a shafi na biyu, ta yi sallama. Kwana biyu bayan haka Barista ta shigo ofishinsa ta rufe ƙofa. Ita ce lauyar kamfani, 'yar shekara talatin da wani abu, kuma a wannan teburin ta koyi karatun kwangila lokacin da ta zo sabuwa. Har yanzu Baba take ce masa.

Ta ajiye fayil ɗin Auta a gabansa. Ya buɗe. Takardar inshorar na nan, da hatiminsa da sa hannunsa, shafi ɗaya. A kusurwarta ta hagu akwai ƙananan ramuka biyu inda fil ya taɓa zama.

"Haka ya zo hannuna daga ofishin manaja," ta ce. "Ban tambaya ba, Baba, kuma kai ma da za ka ji shawarata ba za ka tambaya ba."

Ta zaro wata takarda da aka riga aka buga. Bayani ne da sunansa, yana cewa ɗan kwangila ya gabatar da shafi ɗaya kacal, kuma jami'i bai san da wata togaciya ba. An bar masa wurin sa hannu.

"Alhamis mai zuwa mai binciken inshorarmu zai zo. Tambaya ɗaya zai yi maka. In ka sa hannu a nan, na goma sha bakwai na nan daram, komai na kan ɗan kwangila."

"Komai ke nan me?"

"Kai ka koya mini. Diyya, da kuɗin shari'a, da soke lasisi. Watakila da tuhumar ɓoye takarda, in manaja ya ga dama."

"Iyalin mamacin fa?"

"Su bi ɗan kwangila."

"Tsani biyu gare shi, da motar da sai an tura."

"To su raba." Ta cire tabarau ta murza idonta. "Ba daɗi nake ji ba, Baba. In ka ce ka gani, inshorar kamfani za ta biya matar mamacin, gaskiya ne. Kai kuma kora ce saboda sakaci da gangan, ba garatuti, ba fansho. Wata nawa ya rage maka?"

"Goma sha huɗu."

"Wannan dokar ma kai ka rubuta ta, ko?"

"Ni ne."

"Ta yi kyau kuwa. Na nemi ƙofa a jikinta jiya, ban samu ba."

Ta bar masa takardar ta fita. Ya sa ta a aljihun tebur, ya rufe fayil ɗin. Bayan ɗan lokaci ya sake buɗewa, ya sa babban yatsa ya rufe ramukan nan biyu, ya ji su a fatarsa kamar ƙurajen zufa.

Auta ya zo gida ranar Asabar da hantsi. Tumbin ya zube, rigar na lilo a jikinsa. Bai yi wasa ko ɗaya ba. Ya ƙi kujera, ya durƙusa a bakin ƙofar falo.

"Yaya, na zo neman gafara ne. Na ja maka abin kunya a wurin aikinka."

"Tashi ka zauna."

"Bar ni a nan. Wallahi ban karanta ba. Mutumin inshorar ya ce akwai mai tsada akwai mai sauƙi, na ce a ba ni mai sauƙi, ya ba ni, na sa a ambulan. Yanzu sun ce wai shafi ɗaya na kawo maka. Ni ban ma san ko nawa ne ba. Wataƙila ɗayan ya faɗi a mota, ka san yadda motata take." Ya share hanci da bayan hannu. "Da ka gani ai da ka hana ni. Kowa ya san ka. Shi na gaya wa matar Dogo, na ce da takardar ta isa hannun yayana cikakkiya, da mijinki na nan."

Mai Sharaɗi ya dubi agogon bango. Goma sha ɗaya saura kwata. Ya ninke jaridar da ke hannunsa ya tura ta ƙarƙashin kujera.

Bayan Auta ya tafi, matarsa ta zo ta tsaya a kansa da tsumman goge hannu.

"Malam, kai ne ka san takardu. Shekara ashirin kana ɗaure mutane, ka kwance mini wannan ɗaya mana. Ɗan'uwana ne, a bayana na goya shi."

Bai shirya gaya mata ba. Maganar ce ta fito da kanta, a bushe, yadda yake karanta wa mutane sharuɗɗa. Ya gaya mata shafi biyu ne, ya gaya mata layin, da dariyar da aka yi, da hatimin. Ya gaya mata abin da Barista ta kawo, da abin da zai biyo baya ta kowane ɓangare.

Ta zauna a hannun kujera. Ya jira kuka, ko zagi, ko ta ce ya je ya faɗi gaskiya ya ceci ɗan'uwanta. Ta daɗe tana ninke tsumman nan tana warwarewa.

"Auta yaro ne," ta ce a hankali. "Zai faɗi, zai tashi. Kai in ka faɗi yanzu, wa zai ɗaga ka? 'Yarmu saura mata shekara biyu a jami'a. Maganina na wata-wata kai ka san inda yake fitowa."

"Me kike cewa?"

"Ka ji abin da na ce. Kada ka sa na maimaita, bakina ba zai iya sau biyu ba." Ta miƙe. A bakin ƙofar kicin ta tsaya ba ta juyo ba. "Da ka bar ni ban sani ba. Kai ko zunubi ba ka iya riƙewa kai kaɗai, sai ka nemi wanda zai sa hannu a ƙasa."

Ranar Talata mai gadi ya hawo da wata mata, ya ce ta nace sai ta ga malamin hawa na uku. Ba tsohuwa ba ce sosai, tana riƙe da leda mai ɗauke da kayan Dogo da aka ba ta a ƙasa, riga mai tabon fenti da kwanon abinci. Ta gaishe shi, ta zauna a bakin benci.

"Kai ne mai ba shi ruwa?"

"Ni ne."

"Ya gaya mini. Ya ce akwai wani malami, fuskarsa kamar an aiko masa da mugun labari, amma ruwansa da sanyi." Ta ɗan yi murmushi. "Haka yake, ba ya barin kowa. Wannan ce tagar?"

Ta je ta tsaya a gabanta. Ba ta leƙa ƙasa ba, sama ta duba, ta daɗe, sannan ta dawo ta zaro takarda daga cikin ledar.

"Sun ba ni wannan a ƙasa. Yarana sun karanta mini, amma kamar ba da harshen mutane aka rubuta ba. Ka taimaka."

Ya san takardar kafin ya karɓa. Shi ya tsara ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wurin suna kawai ake cikewa. Kamfani yana jajantawa, kamfani yana sanar da cewa mamacin ba ma'aikacinsa ba ne, duk wata bukata a kai ta ga ɗan kwangila. A lokacin ya yi alfahari da yadda ya sa ta'aziyya da kora suka zauna a sakin layi ɗaya ba tare da sun taka juna ba.

"Cewa suka yi ki je wurin wanda ya ɗauke shi aiki."

"Na je. Shi ma ya zo har sau uku. Ya fi ni kuka, ni nake ba shi haƙuri. Me zan karɓa a hannun wannan?" Ta mayar da takardar cikin leda, a kan rigar. "Ba rigima na zo yi ba, malam. Yara huɗu ne, babbar ce kawai ta yi aure. Na ce bari in tambayi mai karatu, ko akwai wani abu a baya da ba mu gani ba."

"Babu komai a bayanta," ya ce. Gaskiya ne, bayan wannan takardar fari ne fes.

Ta yi godiya. Ta tafi kafin goma sha ɗaya, ya kuma gode wa Allah da hakan, don bai san abin da zai yi ba in ita ma ta gani, ko in ba ta gani ba.

Ranar Alhamis aka kira shi ɗakin taro na hawa na huɗu, wanda ba shi da taga ko ɗaya, sai fitilu da na'urar sanyaya ɗaki. Manaja na zaune a bakin tebur yana danna waya. Barista na gefensa. Mai binciken inshora wani mutum ne mai ƙiba, mai mura, wanda ya faɗa tun kafin ya zauna cewa yana da wurare uku da zai je kafin azahar. Ya buɗe fayil, ya duba shafin, ya juya shi, ya mayar. Yatsansa na kan kusurwar hagu, daidai kan ramukan, bai ji komai ba.

"To, malam, ba sai mun wahalar da juna ba. An ce akwai bayani a rubuce?"

Barista ta tura takardar gaban Mai Sharaɗi, ta ɗora biro a kai. Ya zaro rularsa daga aljihu. Manaja ya yi dariya.

"Ka gan shi ko? Ko sunansa sai ya auna. Shi ya sa muke barci da ido biyu rufe a kamfanin nan."

Ya ɗora rular ƙarƙashin layin farko. Ni, jami'in kwangila. Ya ja ta ƙasa. Ya ga 'yarsa da jakar littattafai, ya ga kwalaben maganin matarsa a jere a kan firij, ya ga kansa nan da wata goma sha huɗu ana ba shi agogon bango da takardar yabo. Duk wannan gaskiya ne, kuma nauyinsa ya isa. Ya cire murfin biro. Ya kai layin da ya ce shafi ɗaya kacal.

Layin ya yi duhu, daga sama zuwa ƙasa, ya washe.

Ya ɗaga kai. Fitilu huɗu ne a silin, babu wadda ta ƙifta. Bango huɗu, ƙofa a rufe. Mai bincike na fyace hanci. Mai Sharaɗi ya zauna yana jiran ƙarar bokiti, ya gane cewa ko a wane ɗaki aka sa shi, ko a kabari ne, ƙarfe goma sha ɗaya za ta yi.

"Shafi biyu ne," ya ce.

"Na'am?"

"Shafi biyu ya kawo, a maƙale. Ɗaga yatsanka, ga ramukan fil nan. Na ɗaga na farko, na ga togaciyar tsayi a na biyu, layi na huɗu daga ƙasa. Na san ginin hawa huɗu ne, a cikinsa nake zaune. Na buga hatimi."

Manaja ya ajiye waya. Barista ta rufe ido.

Mai binciken ya ɗaga takardar sama ya duba kusurwar a hasken fitila, ya sauke, ya dubi Mai Sharaɗi kamar wanda aka ɓata wa tsarin yini.

"Malam, ka san ma'anar abin da kake faɗa? Akwai wata jela a sharaɗi na goma sha takwas."

"Na san ta."

"To don me ka buga?"

"Ƙanin matata ne. Akwai mutane a ɗakin."

Mai binciken ya rubuta wannan, ya tsaya, ya karanta abin da ya rubuta, ya gyaɗa kai a hankali. Bai sake tambaya ba. Da alama shi ma yana da surukai.

Takardar korar ta zo cikin kwana shida, tsararriya, ba kuskure ko na waƙafi. Barista ce ta kawo da hannunta, ta ce masa inshorar kamfani ta karɓi bukatar matar Dogo, za su biya, sai dai za su ja ƙafa yadda suka saba. Ta taya shi sa littattafansa a kwali, ba ta yarda sun haɗa ido ba. A gida matarsa ta karanta takardar a tsaye, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin kwalaben magani. Tana ba shi abinci a kan lokaci, tana amsa gaisuwarsa. Abin da ta faɗa ranar Asabar ɗin nan yana zaune tsakaninsu, kuma ya san ba korar ce ta kasa yafe masa ba, jin da ya yi ta faɗi maganar ne.

Auta ya zo bayan sati biyu, da yamma. An janye tuhuma, an bar masa lasisinsa. Mai Sharaɗi na zaune a ƙofar gida a kan kujerar roba, ya gan shi tun daga kan kwana, ya gyara zama, ya shirya abin da zai ce in aka fara godiya, cewa ba komai, ai haƙƙi ne.

Auta bai durƙusa ba. Ya tsaya nesa kaɗan, hannuwansa a aljihu.

"An karanta mini bayaninka."

"To."

"Ka gani."

"Na gani."

"Ka gani tun ranar. Na zo gidan nan na ci abinci, kana zaune. Na ɗaura Dogo a igiya kwana uku a gaban tagarka. Na zo na durƙusa maka a can, ina neman gafara, kana kallona." Muryarsa ba ta tashi ba. "Kwana ashirin ina ganin mutumin nan in na rufe ido, ina cewa ni na kashe shi da arha. Da ka ce mini, Auta, koma ka sake takarda, da mutanen inshora sun zo sun duba igiyata kafin su yarda. Haka aka ce mini suna yi wa aikin sama. Da sun ga ta tsufa."

"Kai ka ce kada in karance ka."

"Wasa nake yi! Tun ina ɗan shekara goma sha biyar nake maka wasa, yaushe ka taɓa saurarata?"

Mai Sharaɗi ya nemi amsa cikin duk maganganun da ya tara a shekara ashirin da uku na kare kai, bai ga wadda za ta yi ba.

Matarsa ta leƙo daga ciki ta ce Auta ya shigo, abinci ya sauka. Auta ya ce mata ya ƙoshi, zai dawo wani lokaci in ta samu sarari. Ya juyo wurin mutumin da ke kan kujera, ya ɗan sunkuyar da kai yadda ake yi wa dattijon da aka tarar a ƙofar gidan wani.

"Sai an jima, malam," ya ce, ya tafi ya tura motarsa.